Bulgogi a gida da naman kasuwarmu, wa ya taɓa gwadawa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah akwai wacce ta taba yin naman nan na yan Koriya da ake cema bulgogi a gida? yaran nan sun isheni wlh, kullum suna kallon fina finan Koriya suna ganin ana gasa nama akan tebur ana nadewa a ganyen latas, yanzu babbar ta kafa min kahon zuka sai anyi ranar asabar. Na duba kayan hadin naga harda suga da fiya abin ya daure min kai, kuma kunsan tsadar nama yanzu bana so in sayi kilo guda in lalata

Gwaggon Fagge: Wa alaikumus salam. Suga a nama? In da ranka ka sha kallo. 'Yata ki yi musu farfesu ki huta

Zulai a Daejeon: Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ina karatu a nan Koriya kuma nakan yi shi a ɗaki don ba ko'ina ake samun naman halal a gidan abinci ba, sai dai in saya ɗanye a shagon musulmi in haɗa da kaina. Da farko dai ba fiyar da muka sani ba ce mai laushi da ake shafawa a burodi, kar ki kuskura ki sa waccan. Nasu wani ɗan itace ne zagaye, bayansa ruwan ƙasa-ƙasa, cikinsa fari mai ruwa da garas-garas, suna ce masa bae. Aikinsa biyu, yana ba da zaƙi kuma yana taimakawa naman ya yi laushi. In babu shi tuffa ma tana yi, a goge ta a magogi ko a markaɗa da albasa.
Ga yadda nake yi na rabin kilo: soya sos (baƙin ruwan nan mai gishiri da ake yi da waken suya) cokali 3 zuwa 4 babba, suga cokali 1 da rabi, man riɗi cokali 1, tafarnuwa ƙwaya 4 ko 5 a daka, rabin tuffa, rabin albasa, citta ɗanya 'yar mitsitsiya, masoro kaɗan, sai lawashi. A markaɗa tuffa da albasa da tafarnuwa da citta, a juye sauran a ciki, a zuba naman a cakuɗa da hannu sosai, a rufe a sa a firji ko da minti 30 ne, in ya kwana ya fi. Ba a sa gishiri, soya sos ɗin ya isa

Maman Ilham: Masha Allah Zulai Allah ya bada sa'ar karatu. Ashe da na markada fiya na zuba 😂 to maggi fa? ko kwaya daya baza'a sa ba?

Zulai a Daejeon: Amin na gode. A'a babu maggi, babu kori babu tayim. In kika sa ba zai ƙi ciwuwa ba amma ɗanɗanon ya koma wani abu daban

Gwaggon Fagge: Babu maggi babu gishiri babu attaruhu, ga suga ga tuffa. To wannan nama ne ko alawa

Ummu Abdallah: Ni kafin aje maganar suga akwai abin da ya fi muhimmanci. Yawancin masu koyar da girkin nan a intanet suna sa wani ruwa da ake kira mirin ko mirim, kuma giyar shinkafa ce, na asalin barasar cikinsa tana kaiwa kashi 14 cikin 100. Mutum sai ya gan shi a jere da binega a kanti ya ɗauka duk abu ɗaya ne. A kiyaye don Allah. Masu cewa wai in ta ji wuta duk tana ƙonewa ba gaskiya ba ne, wani abu yana saura, balle naman da minti kaɗan yake yi a kasko

Zulai a Daejeon: Gaskiyarki Ummu Abdallah shi ya sa ban ma lissafa shi ba. Suna sa shi ne don kashe ƙarnin nama da ƙara ɗan zaƙi, kuma citta da ruwan tuffa suna wannan aikin. Wani abin kuma da ya kamata duk mai zuwa nan ko mai shiga gidan abincin Koriya a wata ƙasa ya sani, in an ce bulgogi kawai yawanci naman sa ake nufi, amma akwai dwaeji bulgogi, wannan alade ne, galibi ja ne saboda barkonon da ake sa masa. Na kaza kuma dak bulgogi

Ummu Abdallah: To shi kansa soya sos ɗin fa? na ji an ce wanda aka tsima da waken suya da alkama shi ma akwai barasa a ciki

Baban Sadiq: Kai jama'a in aka bi ta nan ai sai a hana mu cin burodi, shima yis ne yake tashinsa

Ummu Abdallah: Malam ba wasa nake ba, tambaya ce, kuma abin da zai shiga cikin yara ne

Zulai a Daejeon: Eh yana samuwa kaɗan daga tsimuwar da aka yi masa, ba zubawa aka yi don a bugu ba, amma wasu kamfanonin suna ƙara wata a matsayin abin hana lalacewa kuma sukan rubuta a jikin kwalbar. Hukuncin kam na malamai ne ba nawa ba. Ni abin da nake yi shi ne in nemi mai tambarin halal, waɗanda ake kawowa daga Maleshiya da Indonisiya da yawansu suna da shi. Sai dai a lura, na Indonisiya mai kauri da ake ce ma kecap manis an riga an cika shi da suga, in shi kika samu to ba wannan girkin ba ne nasa

Admin: A cigaba da maganar girki dan Allah, wanda yake da shakka ya tambayi malaminsa. Kar a mayar mana da gurup fagen fatawa kamar wancan karon

Baban Sadiq: To na janye. Amma bari in shigo ta inda na sani don gidanmu gidan fawa ne. Hajiya duk wannan hadin da ake lissafa miki bashi ne zai baki matsala ba, naman ne. Su can shanunsu a killace ake kiwonsu ana dura musu abinci, kitse yana ratsa cikin tsokar, namu kuwa saniya ta taka daga daji zuwa kasuwa da kafarta, tsoka ce zalla mai karfi. In kika je kika ce a baki nama kilo daya kawai aka yanko miki cinya ko dantse to ko kwana biyu ya yi a cikin tuffa sai kun sha tauna. Kice a baki filet, wannan doguwar tsokar ta cikin gadon baya, ko kuma naman gadon bayan kansa na wajen hakarkari. A cire miki farin jijiyan nan dake manne a jiki tas. In kina son maiko ki karbi tozo kadan ki hada dashi amma shima a yanka siriri

Zulai a Daejeon: Wallahi Baban Sadiq ya gama magana. Nasu na gida sunansa hanwoo kuma tsadarsa ba a magana, su kansu da yawa naman Ostireliya da Amurka suke saya don bulgogi. Kuma a nan ba ka yanka da kanka, a yanke ake sayar da shi da inji, kaurin bai wuce milimita 2 ko 3 ba, in ka ɗaga falle ɗaya har lanƙwashewa yake a hannu

Maman Ilham: To ni ina zan samu inji, wukar kicin dina ma sai addu'a

Hadiza Maraɗi: Sannunku da hira. Ni na yi shi ya kai sau da dama, dabarar ita ce ki naɗe naman a leda ki sa a wajen ƙanƙara na firigo kamar awa 1 zuwa 2, kar ya daskare ya zama dutse, ya dai yi tauri yadda wuƙa za ta ratsa bai motsa ba. Sai ki wasa wuƙa ki yi ta yankawa. Amma fa sai in akwai kuran, mu nan lokacin zahi sai a hankali

Maman Ilham: Hadiza ai gara ku, mu tun shekaranjiya rabonmu da wuta, firizar ta zama kabad

Baban Sadiq: In babu wuta ki kaiwa mai tsire ko mai kilishi na unguwarku ki bashi dan wani abu, hannunsu ya fi inji. Sai dai ki tsaya akansa ki masa bayani, don mai kilishi ya saba warware tsoka ne ta zama falle guda mai fadi, ke kuma ba haka kike so ba. Kice ya yanka a gicciye, ya datse zaren naman ba ya bi tsawonsa ba, fadin kamar yatsu uku. Wannan gicciyewar ita ce rabin laushin. Abu na biyu kar ki dafa naman da aka yanka da safen nan, yana saki ne bayan ya huce ya kwana a sanyi, in da hali ki saya jumma'a ko ma alhamis ki ajiye a firjin makota

Gwaggon Fagge: Wannan kam gaskiya ne ɗan nan, naman layya ma na washegari ya fi na ranar. Mu da can in nama ya yi gardama ganyen gwanda muke naɗe shi a ciki

Zulai a Daejeon: Gwaggo wannan dabarar taku ma ta fi tuffa ƙarfi. Gwanda ɗanya da abarba da kiwi duk suna da sinadarin da ke narkar da nama, a nan ma akwai masu sa kiwi in naman mai tauri ne. Amma da hatsari, yankan siriri ne, in abarba ta yi yawa ko ta daɗe a ciki sai ki ga naman ya dagargaje ya zama kamar an tauna, ba ya ma ɗaukuwa. In za a sa abarba, cokali 1 na ruwanta a rabin kilo ya isa kuma kar ya wuce minti 20 zuwa 30, ba a kwana da shi. Abarbar gwangwani kuma ba ta wannan aikin don an riga an dafa ta

Maman Twins Abuja: Ina ta karantawa shiru. Tambayata daya, ba'a tafasa naman ne kafin a soya? ni gsky bana iya cin naman da ba'a sulala ba, ga karni ga tsoron ciwo

Hadiza Maraɗi: A'a kar ki tafasa, in kika tafasa kin kashe shi, haɗin ba zai shiga ba kuma zai yi tauri. Ai sirantar ce take sa ya dahu har ciki nan da nan

Zulai a Daejeon: Haka ne, ba a cin bulgogi da ja a ciki, yana dahuwa sarai, kawai dai ba ya ɗaukar lokaci. Maganar ƙarni kuma abin da suke yi shi ne su shimfiɗa yankan a kan tishu na kicin su danna ya tsotse jinin kafin a zuba a haɗin. In kin wanke naman to ki wanke shi tun yana dunƙule, ki tsane shi sosai sannan a yanka, kar a wanke bayan an yanka

Maman Twins Abuja: Toh. Ni na taba gwadawa amma ruwa ya fito min cike da kasko, ya zama kamar miya fari fat ba irin wanda nake gani a hoto ba

Hadiza Maraɗi: Kin juye duka lokaci guda ne ko? Shi ne. Kasko ya yi zahi sosai tukuna, man gyaɗa kaɗan, ki ɗebi naman ki ɗan matse ruwan haɗin ki baza shi falle-falle kar wani ya hau kan wani, ki bar shi ya kama kamar minti 1 ko 2 kafin ki juya. Rabin kilo sai ki raba shi uku. Tsakanin kowane zubi ki goge kaskon don sugan da ya manne yana ƙonewa ya yi ɗaci. Kasko mai nauyi ya fi, irin na ƙarfen nan mai kauri, maras nauyi yana hucewa da an zuba nama

Zulai a Daejeon: Amma Maman Twins kar ki ji komai, mai ruwan ma bulgogi ne. Salon Seoul da romo ake yinsa a wani faranti mai tudu a tsakiya, naman a sama romon yana taruwa a gefe, ana sa naman kaza na lambu wato mashrum da wata taliya garai-garai da ake yi da sitacin dankalin Hausa, dangmyeon. Akwai kuma wanda ake kawowa yana tafasa a 'yar tukunyar ƙasa, ttukbaegi bulgogi. Na Gwangyang a kudu a kan gawayi ake gasawa kuma ba a jiƙa shi ya daɗe, ana dab da gasawa ake sa masa haɗi. Na Eonyang da ke Ulsan kuma ana yanka shi ƙanana a danne shi a ragar waya ya zama faifai a gasa. Kowane gari yana cewa nasa ne na gaske

Baban Sadiq: To ni na Gwangyang din nan nake goyon baya. Gawayi da raga, magana ta kare. Abinda zan kara kawai a bari wutar ta zama garwashi babu harshe, don abu mai suga baya jure harshen wuta, kuma raga mai kananan ido in ba haka ba rabin naman a toka zai kare

Gwaggon Fagge: Kun ga an dawo hanya. Nama a yanka siriri a gasa a garwashi, ai tsire ne babu tsinke. Ku cire sugan ku barbaɗa yajin ƙuli ku ga in yaran ba su lashe faranti ba

Zulai a Daejeon: Gwaggo in an yi haka zai yi daɗi ba musu, amma tsire aka ci ba bulgogi ba 😄 Sugan ba don ya zama alawa ba ne, soya sos gishirinsa yana da kaifi, sugan ne yake kwantar da shi, kuma shi yake ba naman wannan launin da ƙyalli in ya ji wuta. Na yarda wanda ake sayarwa a wasu gidajen abinci da na kwalba da ake haɗawa a kamfani zaƙinsa ya yi mana yawa, ni ma farkon zuwana sai da na saba. A gida sai mutum ya rage, cokali 1 a rabin kilo, ko a bar tuffa da albasa su yi yawancin aikin a ƙara zuma kaɗan. Amma a cire zaƙi gaba ɗaya, a'a, sai ki ji gishiri kawai. Kuma ba abincin zamani ba ne da yara suka ƙirƙiro, tun zamanin tsohuwar masarautar Koriya ta Joseon ana yin irinsa a fada da gidajen manya, neobiani ake ce masa, yankansa ya fi na yanzu ɗan kauri

Gwaggon Fagge: Sarakunansu su ci abinsu lafiya. Ni mai ciwon suga ce ma likita ya hana

Ummu Abdallah: Allah ya ƙara lafiya Gwaggo. Zulai man riɗin fa, wanda ake sayarwa a wajen masu magungunan musulunci zai yi? akwai shi a gida

Zulai a Daejeon: Amin. Duba launinsa, in fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske to na ɗanyen riɗi ne, ba shi da ƙamshin da ake nema. Nasu sai an soya riɗin ya yi ja kafin a matse, man ya fito ruwan ƙasa mai duhu, da kin buɗe kwalba duk ɗaki ya ɗauka. Don ƙamshi ake sa shi ba don suya ba

Hadiza Maraɗi: Ni ban sayen na kanti tsada gare shi. Riɗi nake wankewa in rege tsakuwa in shanya, in soya a busasshen kasko wuta kaɗan ina juyawa har ya fara tsalle ya yi ƙamshi, sai in daka rabi a turmi ya fitar da maiƙo in zuba a haɗin tare da man gyaɗa cokali guda, rabin kuma in barbaɗa a sama in an sauke. Kar dai ya ƙone don ɗaci yake

Baban Sadiq: Ridi kam ai a gidansa muke, Jigawa kadai ta ishi kowa, buhu buhu ake lodawa ana fita dashi waje sannan mu dawo muna sayen mansa a yar kwalba da tsada

Maman Ilham: Hmm wannan kuma wata maganar ce Baban Sadiq. To da me ake ci? naga suna sa wani jan abu a cikin latas din

Zulai a Daejeon: Ssamjang ne, haɗin tsimammen waken suya da suke ce ma doenjang da kuma jan barkononsu gochujang. Shi ma a duba jikin roba don wasu ana sa musu barasa. In ba ki samu ba ba dole ba ne. Farar shinkafa ba mai ba gishiri, tasu gajera ce mai danƙo, in ta gida ce ki ɗan ƙara mata ruwa ta yi laushi yadda za ta kama jikinta. Ki ɗau ganyen latas a tafin hannu, shinkafa kaɗan, nama, yankan tafarnuwa ko ɗanyen barkono in kina so, ki dunƙule ki sa a baki gaba ɗaya, ba a gutsura biyu. A gefe kokwamba da aka yanka aka sa mata binega da ɗan gishiri da dakakken barkono tana maye gurbin kimchi, tsimammen kabejinsu mai yaji, ba laifi. Gwaggo nan ne wajen attaruhunki, a gefe, ba a cikin naman ba

Gwaggon Fagge: Yauwa ko ke fa. In dai za a ba ni yajina a gefe zan ɗanɗana ɗaya in ga abin da ya ruɗa jikokina

Maman Twins Abuja: A wanke latas din da kyau dan Allah da ruwan gishiri ko binega, kunsan ruwan da ake ban ruwa dashi a wasu lambun. Kuma naga soya sos kala biyu a kanti, wani baki kirin mai kauri wani tsinkakke, wanne zan dauka

Zulai a Daejeon: Tsinkakken. Baƙin mai kauri na girkin Sin ne, don launi ake sa shi, in kika zuba cokali 4 nasa naman zai fito baƙi wuluk. Kuma ki ɗanɗana haɗin da yatsa kafin ki zuba ɗanyen nama a ciki don gishirin kowane kamfani daban, in ya yi kaifi ki ƙara ruwa cokali 2

Maman Ilham: Filet din nan in ya fi karfin aljihuna kaza zata yi da wannan hadin?

Hadiza Maraɗi: Tana yi sosai, cinya za ki ɗauka ki zare ƙashin ki buɗe ta, ƙirji bushewa yake. Kazar gidan gona fa, ba ta Hausa ba, waccan sai tukunya. Kuma ita ki ba ta lokaci a wuta fiye da naman sa, ki tsaga guda ki duba cikin kafin ki sauke